Ƙasar Amish ta Lankasta: Abin da Baƙo ke Gani da Abin da Tarihi ya Ajiye

Gabatarwa

A kudu maso gabashin jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka, kimanin kilomita 100 yamma da birnin Filadelfiya, akwai wata gunduma da ake kira Lankasta. Ƙasa ce mai albarkar noma, ga masara, ga taba, ga shanun tatsa. Kowace shekara miliyoyin mutane kan yi takakkiya zuwa can, kuma abin da ke kai akasarinsu shi ne son ganin wata al'umma da ake kira Amish: mutanen da ke tafiye-tafiye cikin keken doki, suke huɗa da dawaki da alfadarai, ba su jawo wutar lantarki ta gwamnati ko ta kamfani cikin gidajensu ba, tufafinsu kuma babu ado. Masu tallar yawon buɗe ido kan ce yankin wuri ne da zamani ya tsaya cik. Wanda ya bi wuraren tarihin gundumar da idon basira zai tarar da wani labari dabam. Kowane abu da Amish suka ƙi, akwai lokacin da suka zauna suka yanke shawarar ƙinsa, akwai dalili, akwai kuma abin da suka rasa saboda shi. Haka kuma mafi yawan gine-ginen tarihin da ake nuna wa baƙo ba na Amish ba ne, na maƙwabtansu ne. Wannan maƙala za ta bi waɗannan wurare domin fito da tarihin da ke bayansu.

Asalin tafiyar: Zurik, 1525

Tushen al'ummar yana Turai, zamanin da addinin Kirista ya rabu tsakanin Katolika da masu neman gyara. A birnin Zurik na ƙasar Suwis, wasu almajiran malamin nan Ulrich Zwingli suka ga gyaran da yake yi bai kai inda suke so ba. A ganinsu baftisma, wato wankan shiga addini, ba ta halatta ga jariri, sai ga baligi da ya zaɓa da kansa. Ranar 21 ga Janairun 1525 suka taru a wani gida, Conrad Grebel ya yi wa George Blaurock baftisma, shi kuma ya yi wa sauran. Daga nan aka laƙaba musu sunan Anabaftis, ma'ana masu maimaita baftisma.

A wancan zamani wannan ba ƙaramin laifi ba ne, domin littafin baftismar jarirai shi ne rajistar da hukuma ke sanin talakawanta da ita. Ƙari a kan haka, mutanen sun ƙi rantsuwa, sun ƙi ɗaukar makami, sun ce babu ruwan sarki da sha'anin ikilisiya. Hukumomin Katolika da na Furotesta duk suka tasar musu. Ranar 5 ga Janairun 1527 aka ɗaure Felix Manz aka nutsar da shi a kogin Limmat. A watan Mayun wannan shekara aka ƙone Michael Sattler, wanda ya jagoranci rubuta aƙidunsu na farko a ƙauyen Schleitheim. Dubbai suka halaka cikin ƙarni guda. Waɗanda suka tsira suka watsu cikin duwatsu da ƙauyuka, suna noman ƙasar da wasu suka raina, suna ibada a ɓoye cikin gidaje. A 1536 wani limamin Katolika na ƙasar Holan, Menno Simons, ya shiga cikinsu ya zama babban malaminsu, shi ya sa ake kiran mafi yawansu Menonait.

Sunan Amish bai fito ba sai a 1693. Wani dattijon ikilisiya mai suna Jakob Ammann, ɗan Suwis da ya koma yankin Alzas, ya ga jama'a sun fara sakaci. Ya nemi a riƙa cin jibin Ubangiji sau biyu a shekara, a riƙa wanke wa juna ƙafafu, a kuma ƙaurace wa duk wanda aka fitar daga ikilisiya, har a daina cin abinci tare da shi. Wani dattijo, Hans Reist, ya ƙi amincewa. Jama'a ta rabu biyu, mabiyan Ammann suka zama Amish. Ke nan Amish da Menonait ƴan uwa ne, uwa ɗaya, sai dai kowa da ɗakinsa.

Gidan 1719 da mutanen da aka tarar

A 1681 sarkin Ingila ya ba William Penn wani makeken yanki a Amurka. Penn ɗan ɗariƙar Kwaka ne, ya sha ɗauri saboda aƙidarsa, don haka ya yi alkawarin cewa a ƙasarsa ba za a tsangwami kowa saboda addini ba. Labari ya kai kunnen Anabaftis na kwarin kogin Rhin. A 1710 wasu iyalan Menonait suka sauka kusa da rafin Pequea, cikin abin da ya zama gundumar Lankasta a 1729.

Wurin da ya kamata baƙo ya fara da shi shi ne wani ƙaramin gidan dutse a Willow Street, wanda aka fi sani da gidan Hans Herr. Shi ne gini mafi daɗewa da ke tsaye a gundumar. Ɗan Hans, Christian Herr, ya gina shi, kuma a bisa ƙofa an sassaƙa shekarar 1719 tare da haruffan sunansa. Rufinsa mai tsini ne irin na ƙauyukan Jamus, murhu ɗaya a tsakiya ke ɗumama ɗakunan, kuma a babban ɗakin ne jama'a ke taruwa ibada. Wanda ya ga wannan ɗaki ya ga irin ibadar da Amish ke yi har yau, domin su ba sa gina majami'a.

Amish sun biyo baya. Jirgin ruwa mai suna Charming Nancy ya sauke wasu iyalansu a Filadelfiya a 1737. Mazauninsu na farko mai ƙarfi yana Northkill, a gundumar Berks da ke maƙwabtaka, daga baya suka gangaro Lankasta. Duka-duka waɗanda suka ƙetaro a ƙarni na 18 ba su wuce kimanin 500 ba, sai wasu kimanin 3,000 da suka zo a ƙarni na 19, akasari suka zarce Ohayo da Indiyana da sauran wurare. A Turai kuwa sunan ya shuɗe: ikilisiyar Amish ta ƙarshe, a Ixheim ta Jamus, ta haɗe da Menonait a 1937.

Sai dai ƙasar da baƙin suka samu ba kango ba ce. A harabar gidan Herr an gina kwatankwacin dogon gida irin na ƴan asalin yankin, domin tuna wa mai ziyara cewa akwai masu wuri. Su ne mutanen Conestoga, ragowar al'ummar Susquehannock, waɗanda suka ƙulla amana da Penn a 1701. A watan Disamban 1763 wata ƙungiyar Turawa masu makamai daga Paxton ta faɗa wa ƙauyensu ta kashe mutum 6. Hukuma ta kai sauran 14 gidan yarin Lankasta da sunan kariya. Ranar 27 ga wata maharan suka fasa gidan suka kashe su duka, har da yara. Benjamin Franklin ya rubuta takarda yana la'antar abin, amma ba a hukunta kowa ba. Gidan wasan kwaikwayo na Fulton, wanda aka gina a 1852 a tsakiyar birnin, yana zaune ne a kan harsashin wannan gidan yari.

Amish da Menonait ba su sa hannu a kisan ba, kuma su ma yaƙin kan iyaka ya taɓa su. A 1757 aka kai wa gidan Jacob Hochstetler hari a Northkill, ya hana ƴaƴansa ɗaukar bindiga, aka kashe matarsa da ƴaƴa biyu, aka kama shi da wasu biyu. Zuriyarsa na ba da wannan labari har yau a matsayin misalin riƙon aƙida. Amma gaskiya ɗaya ce: gonakin da masu gudun zalunci suka samu zaman lafiya a kansu, an raba wasu da su ne.

Efrata da babban littafi

Arewacin birnin Lankasta akwai garin Efrata, inda gine-ginen wata zawiya ta Kirista ke tsaye tun ƙarni na 18. Wani Bajamushe, Conrad Beissel, ya kafa ta a 1732. Mabiyansa maza da mata sun haƙura da aure, suna sa fararen tufafi, suna kwana a kan benci da ɗan guntun katako a matsayin matashin kai, suna tashi tsakar dare domin addu'a. Ƙofofin ɗakunan gajeru ne, dole mai shiga ya sunkuya. Mutum na ƙarshe cikin marasa auren ya rasu a 1813, jihar Pensilbaniya kuma ta karɓi wurin a 1941.

Mutanen Efrata ba Amish ba ne, amma sun yi musu wani aiki da ya fi kowane gini daɗewa. A 1660 wani malamin Menonait na Holan, Thieleman van Braght, ya wallafa littafin da ake kira Madubin Shahidai, inda ya tattara labaran waɗanda aka kashe saboda aƙida, da wasiƙun da suka rubuto daga kurkuku. A shekarun 1740, da shugabannin Menonait na Pensilbaniya suka ga alamun yaƙi tsakanin Ingila da Faransa, sai suka ji tsoron kada a ja samarinsu aikin soja. Suka nemi a juya littafin zuwa Jamusanci domin matasa su san abin da kakanninsu suka jure. Zawiyar Efrata ta ɗauki aikin. Peter Miller ya fassara, mutum 15 suka shafe shekara uku suna yin takarda da tawada, suna jera haruffa, suna bugawa. Aikin ya kammala a 1749: shafi sama da 1,500, kwafi 1,300, littafi mafi girma da aka buga a Amurka kafin ta samu ƴancin kai. Abin takaici, lokacin yaƙin neman ƴancin sojoji sun kwashe kwafin da ba a sayar ba, suka yi amfani da takardun wajen ɗura bindigogi.

Labarin da ya fi shahara a littafin shi ne na Dirk Willems. A 1569 ya tsere daga kurkuku ya bi ta kan tafkin da ya daskare. Mai binsa ya rufta cikin ƙanƙara, Dirk ya juyo ya ceto shi, aka sake kama shi aka ƙone shi. Yaran Amish suna tashi da wannan labari. Littafin yana cikin gidajensu da yawa, tare da Littafi Mai Tsarki na fassarar Luther da kundin waƙoƙin ibada mai suna Ausbund, wanda aka fara bugawa a 1564, kuma asalin waƙoƙinsa fursunoni ne suka tsara su a kurkukun Passau. Har yau da shi suke waƙa, a hankali ƙwarai, babu kayan kiɗa. Waɗannan littattafai uku su ne ainihin gidan tarihin Amish, kuma ba a sayar da tikitin shigarsa.

Hanya, kasuwa da jirgin ƙasa

Lankasta ba ta taɓa zama lungu ba. Ranar 27 ga Satumban 1777 majalisar Amurka da ta gudo daga Filadelfiya ta zauna a can, birnin ya zama fadar ƙasa na kwana ɗaya. A shekarun 1790 aka shimfiɗa hanyar tsakuwa daga Filadelfiya, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin farko na ƙasar, kuma a kanta manyan amalanken Conestoga masu dawaki shida suka yi ta jigilar gari da ƙarfe. Babbar kasuwar birnin tana ci tun 1730, ginin jan bulo da take ciki yanzu na 1889 ne, kuma a nan baƙo zai ga matan Amish suna sayar da kayan lambu da cuku da burodi kafaɗa da kafaɗa da sauran ƴan kasuwa. A Strasburg akwai layin dogo da aka ba izini a 1832, mai tsawon kilomita 7 kacal. Ya kusa mutuwa, wasu masu son jiragen da suka saye shi a 1958, yanzu jirgi mai aiki da gawayi ke ratsa gonakin Amish ɗauke da ƴan yawon buɗe ido.

Rikicin bauta ma ya ratsa yankin. A wajen birnin akwai Wheatland, gidan James Buchanan, shugaban ƙasa daga 1857 zuwa 1861, wanda ake zargi da zura ido har ƙasa ta faɗa yaƙin basasa. A cikin birnin akwai kabarin Thaddeus Stevens, ɗan majalisar da ya yi yaƙi da bauta, wanda ya zaɓi a binne shi a 1868 a maƙabartar da ba ta ware baƙi da farare. A Christiana kuma, ranar 11 ga Satumban 1851, baƙaƙen fata ƙarƙashin William Parker suka tare wani mai bayi daga Maryland da ya zo kama waɗanda suka gudu, aka kashe shi a wurin. Duk wannan ya faru a ƙofar gidan Amish. Keɓewarsu zaɓi ne da suka yi a tsakiyar jama'a, ba nisan daji ya jawo ta ba.

Dokar zama da ranakun yanke shawara

Har tsakiyar ƙarni na 19 manomin Amish bai bambanta sosai da maƙwabcinsa ba, kowa doki yake hawa, kowa fitila yake kunnawa. Bambancin ya fito ne da zuwan masana'antu. Daga 1862 zuwa 1878 malaman Amish suka yi ta taro a kan yadda za a tunkari sabbin abubuwa. Mafi yawa suka zaɓi sassauci, daga baya suka narke cikin Menonait. Ƴan kaɗan da suka tsaya su ne ake kira masu Tsohon Tsari, kuma a 1900 ba su wuce kimanin 5,000 ba.

Abin da ke tafiyar da rayuwarsu shi ne Ordnung, wato tsari, wanda akasari ba a rubuce yake ba. Kowace ikilisiya iyali 25 zuwa 35 ne da ke zaune kusa da juna. Suna taruwa Lahadi ɗaya cikin biyu a gidan ɗaya daga cikinsu, bi da bi, ana kai benci a cikin amalanke. Sau biyu a shekara manya maza da mata ke sake amincewa da tsarin. Shugabanni ba su da albashi, ba su je makarantar limanci ba. Jama'a ke ba da sunaye, sai a ɓoye ƴar takarda cikin ɗaya daga kundayen waƙa, wanda ya ɗauki mai takardar shi ƙuri'a ta faɗa wa har ƙarshen ransa.

Da wannan tsari suka auna kowane sabon abu. Wajen 1910 Amish na Lankasta suka hana sa tarho cikin gida, bayan wasu sun riga sun sa, har hakan ya taimaka wajen ɓallewar wani ɓangare. Ba su hana amfani da shi ba: daga baya aka yarda da ƴar bukkar tarho a bakin hanya da iyalai ke tarayya a kanta. Dalilinsu shi ne tarhon cikin gida na kashe ziyara, yana raya gulma. Wajen 1920 suka ƙi jawo lantarki daga layin waje. Tarakta suka gwada ta, sannan suka fitar da ita daga gona a farkon shekarun 1920, suka bar ta a bakin rumbu tana juya injuna. Mota kuwa sun yarda a shiga ta haya, sun hana mallaka, domin mai mota yakan yi nisa da gida, mai doki kuwa tafiyarsa ba ta wuce ƴan kilomitoci. A ƙarshen shekarun 1960, da kamfanonin madara suka tilasta sanyaya nono cikin tanki, sai dattawa suka yarda da injin dizal. A yau ana ganin faifan hasken rana a kan rufin gidaje da yawa, kafintoci na aiki da injuna masu amfani da matsin iska, wayar salula kuma ta zama abin muhawara mai zafi tsakanin iyaye da matasa. Tambayar da suke yi kullum ita ce: idan wannan abu ya shigo, me zai yi wa zumunci nan da shekara ashirin?

Rigimar makaranta

Ga malaman makaranta, wannan shi ne babin da ya fi jan hankali. Shekara da shekaru yaran Amish suna zuwa ƙananan makarantun gwamnati masu ɗaki ɗaya tare da yaran maƙwabta. A 1937 hukumar East Lampeter ta rufe irin waɗannan makarantu ta gina babba guda, inda za a riƙa kwaso yara da mota. Iyaye suka ƙi, suka buɗe makarantunsu na farko a 1938. Da doka ta tsawaita shekarun karatun dole, rigima ta ƙara zafi, kuma a farkon shekarun 1950 an kulle iyaye maza sama da 100 a Lankasta saboda sun ƙi tura yara makarantar gaba da firamare. A tsakiyar shekarun 1950 aka yi sulhu: bayan aji takwas yaro zai riƙa aiki a gida, yana rubuta abin da ya yi, yana halartar darasi na ƴan sa'o'i a mako.

Maganar ta kai Kotun Ƙoli ne daga jihar Wisconsin, inda aka ci iyaye uku tarar dala 5 kowanne. Ranar 15 ga Mayun 1972, a shari'ar da ta ɗauki sunan Jonas Yoder, kotun ta yanke cewa ƴancin addini ya ba Amish damar tsayar da karatun ƴaƴansu a aji takwas. Alƙali William O. Douglas ya saɓa wa abokansa a wani ɓangare, ya ce ai kamata ya yi a ji ta bakin yaran kansu, domin makomarsu ce ake yanke wa hukunci. Wannan ƙorafi bai mutu ba. Wanda ya bar al'ummar yana baligi yakan tarar da kansa cikin duniyar da ke neman takardun shaida alhali ba shi da su, kuma idan ya riga ya karɓi baftisma, ƙauracewa na jiransa. Akwai kuma rahotannin cin zarafi da aka rufe cikin ikilisiya maimakon kai su gaban hukuma.

Makarantar Amish ta yau ɗaki ɗaya ce, yara kimanin 30, aji ɗaya zuwa takwas, malama galibi budurwa ce da ita ma a aji takwas ta tsaya. Iyaye ke gina ta, su ke biyan malama, kuma duk da haka suna biyan harajin makarantun gwamnati. Yaro yana zuwa da harshen gida, wani karin Jamusanci da ya samo asali daga yankin Falatina, a makaranta yake koyon Ingilishi, sannan a koya masa karanta Jamusancin littafi domin ibada. Ke nan harsuna uku, kowane da wurinsa. Abin lura shi ne, ɗimbin Jamusawan Pensilbaniya da ba Amish ba sun saki wannan kari cikin ƙarni na 20, amma a wurin Amish masu magana da shi ƙaruwa suke yi, ko da yake ba da shi ake koyarwa ba kuma ba kasafai ake rubuta shi ba. Abin da ya raya shi shi ne uwa na magana da shi, wa'azi na gudana da shi, aure kuma na cikin gida.

Kasuwar kallo

Yawon buɗe ido ya kankama ne bayan yaƙin duniya na biyu, da aka buɗe manyan hanyoyin mota. A 1955 wani wasan kwaikwayo mai waƙoƙi, Plain and Fancy, ya yi tashe a birnin New York, kuma a wannan shekara aka buɗe wa baƙi wani tsohon gidan gona na 1805 da sunan Amish Farm and House. A 1985 fim ɗin Witness, wanda Harrison Ford ya fito a ciki, ya kai sunan yankin ko'ina a duniya, alhali shugabannin Amish sun hana mutanensu shiga aikin. A yau manyan kantuna da filayen ajiye motoci sun kewaye wancan gidan gona, kuma akasarin wuraren da ke ɗauke da sunan Amish a kan hanya mai lamba 30, waɗanda ba Amish ba ne ke da su.

Harkar ta zo da riba da asara. Farashin ƙasa ya hau har ya gagari matashin da ke son gona, iyalai da yawa suka ƙaura zuwa Kentucky, Wisconsin, New York da sauran jihohi. Waɗanda suka zauna, mafi yawansu sun koma kafinta, gini, ƙira da ƙananan shaguna, mata kuma na sayar wa baƙi barguna masu ɗinkin hannu. Wato baƙon da ya takura musu shi ne kuma mai sayen hajarsu. Abin da suka fi ƙi shi ne a ɗora musu kyamara a fuska, domin a wurinsu tsayawa a ɗauki hoto alamar girman kai ce. Mai ziyara mai ladabi yakan saya a shagon bakin gona, ya gaisa, ya rage gudu idan ya tarar da keken doki mai ruwan toka, ya kuma tuna cewa ran Lahadi ba a ciniki.

Akwai wani wuri da baƙo ba zai samu ba ko ya nema. Ranar 2 ga Oktoban 2006 wani mai jigilar madara, ba Amish ba, ya shiga makarantar Nickel Mines ya harbi ƴan mata 10, biyar suka rasu, ya kashe kansa. A ranar wasu Amish suka je yi wa iyalinsa jaje, da yawa suka halarci jana'izarsa, kuma aka ba matarsa wani kaso na gudummawar da duniya ta aiko. Bayan kwana goma aka rushe makarantar da asuba, aka mayar da wurin makiyaya, ba a kafa ko dutse ba. An gina wata a kusa, ta buɗe a 2007. Duniya ta yi mamaki, amma wanda ya san labarin Dirk Willems ya san inda abin ya samo tushe.

Kammalawa

Masana da yawa na tsakiyar ƙarni na 20 sun ɗauka Amish na gab da ƙarewa. Ƙididdigar cibiyar Young ta kwalejin Elizabethtown ta nuna sun haura 400,000 a 2024, sama da 40,000 daga cikinsu a mazaunin Lankasta, kuma yawansu kan ninka cikin kimanin shekara 20. Dalili biyu ne: yawan haihuwa, da kuma cewa kusan 85 cikin 100 na matasansu kan zaɓi baftisma bayan sun ɗanɗana ƴancin samartaka.

Gidan Herr, zawiyar Efrata, harsashin gidan yarin Lankasta da layin dogon Strasburg duk an adana su ne saboda rayuwar da ta gina su ta wuce. Amish ba su bar irin waɗannan wurare ba domin tasu rayuwar ba ta wuce ba. Abin da suka gada daga 1525 suna sake auna shi sau biyu a shekara, su ɗauki wani abu, su ajiye wani, kuma kowane zaɓi akwai wanda yake biyan kuɗinsa: uban da ya kwana a kurkuku, yarinyar da ta so ci gaba da karatu, ɗan da aka daina cin abinci da shi. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tarihin Lankasta ya nuna cewa zaman gidan ma aiki ne da ake sabuntawa kullum, kuma baƙon da ya dawo da hoton keken doki kawai ya baro mafi yawan labarin a can.